Desecrate: ma'anarta, inda take shiga da inda ba ta shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon fassarar labarai tsakanin Turanci da Hausa. Na ci karo da jimlar “Vandals desecrated dozens of graves at the cemetery”, ƙaramin ƙamus ɗina kuma ya ce desecrate lalatawa ce. To mene ne bambancinta da destroy? Sannan idan wani ya zagi Annabi, daidai ne in rubuta “he desecrated the Prophet”?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙamus ɗin bai yi maka ƙarya ba, rabin zance ya ba ka. Desecrate tana nufin keta alfarmar abin da mutane suke ɗauka mai tsarki ko mai girma na musamman, ta hanyar yi masa wani aiki na wulaƙanci. Lalatawa kan shigo ciki, amma ba ita ce zuciyar kalmar ba. Jimlarka ta biyu kuwa kuskure ce, za mu zo kanta.

Ga hanya mafi sauƙi ta raba ta da destroy. Idan ambaliya ta rushe masallaci, ko jama'ar unguwa suka rushe shi da kansu don su gina wanda ya fi shi girma, an yi destroy, babu desecrate ko kaɗan. Idan kuwa wani ya shiga masallacin da gangan ya watsa najasa a wurin tsayuwar liman, ko bulo ɗaya bai fashe ba, amma an yi desecrate. Destroy tana duban abin da ya samu jikin abu, desecrate tana duban abin da ya samu darajarsa. A jimlar da ka kawo, mai yiwuwa an fasa duwatsun da ke kan kaburburan, mai yiwuwa fenti kawai aka fesa musu, mai yiwuwa tone su aka yi. Kalmar ba ta faɗa maka wanne ba, sai ka karanta cikin labarin. Shi ya sa fassara ta da "sun lalata kaburbura" take da haɗari: kana iya faɗa wa mai sauraro an rushe abin da yake nan tsaye. "Wasu ɓata-gari sun keta alfarmar kaburbura da dama a maƙabartar" ita ce ta yi daidai da Turancin.

Asalin kalmar yana taimakawa wajen riƙe ma'anarta. A Latin, sacer na nufin mai tsarki, daga nan Turanci ya samu sacred. Daga saiwar nan aka gina consecrate, wato a tsarkake abu a keɓe shi ga Allah, kamar yadda Kiristoci suke keɓe sabuwar majami'a ko maƙabarta da addu'o'i. A shekarun 1670 masu rubutun Turanci suka cire ɗafa-goshin con suka sa de, wanda a Turanci yake warware aiki, suka samu kishiyarta. Abin dariyar shi ne a Latin ɗin kanta akwai desecrare, amma can ma'anarta tsarkakewa ce, ba ketawa ba, saboda de na Latin a wannan wurin ƙarfafa aiki yake yi. Kenan kalmar Turanci a Ingila aka ƙera ta da kayan aro.

Wannan tarihi ne yake bayyana kuskuren rubutun da ya fi yawa. Ɗalibi ya san sacred, sai ya rubuta desacrate da a. Ba haka ba ne, tsakiyarta secr ne kamar na consecrate. Harafin s ɗaya, c ɗaya, haruffa tara: d, e, s, e, c, r, a, t, e. Wasu kan haɗiye e na biyu su rubuta descrate, shi ma kuskure ne. A kuma kiyaye ta da desiccate mai c biyu, wadda ke nufin busar da abu ƙayau. Busasshiyar kwakwar da ake sa wa kek desiccated coconut ce, wanda ya rubuta desecrated coconut ya ce an keta alfarmar kwakwa.

Furucinta gaɓa uku ne, de-si-kreit, kuma a kan gaɓar farko ake danna murya. Harafin s ɗin s ne, ba z ba. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa, sai ya cusa wasali ya ce desikiret; a yi ƙoƙari k da r su fito manne da juna. Idan aikin ya wuce, desecrated, gaɓa huɗu ce, ta ƙarshen tid. A sunan aikin, desecration, nauyin muryar yana ƙaura zuwa gaɓa ta uku: de-si-KREI-shan. Mai aikatawa desecrator ne, kodayake ba a cika amfani da ita ba, 'yan jarida sun fi cewa vandals ko attackers.

A nahawu, aikatau ce so-karɓau. Dole abin da aka keta ya biyo ta kai tsaye, babu wata ƙaramar kalma a tsakani. Ana cewa “they desecrated the shrine”, ba a cewa desecrated on ko desecrated against, ba a kuma tsayawa a “they desecrated” a sa aya. A labarai ta fi zuwa a siga irin ta "an yi", saboda galibi ba a san wanda ya yi ba: “The cemetery was desecrated overnight.” Idan za a ambaci mai aikin, by ake sawa, idan abin da aka yi amfani da shi za a ambata, with ake sawa: “desecrated by vandals”, amma “desecrated with graffiti”. Sunan aikin yana tafiya da of, “the desecration of the mosque”, kuma idan aukuwa ɗaya ake nufi an fi cewa “an act of desecration”.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato irin abubuwan da kalmar take ɗauka a matsayin karɓau. Wuraren ibada: masallaci, majami'a, haikali, wurin tsafi, bagade. Abin da ya shafi matattu: kabari, hubbare, maƙabarta, gawa, ƙasusuwa. Kayan addini: mus'hafi, Littafi Mai Tsarki, gicciye. Alamomin ƙasa: tuta, abin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Har lokaci mai tsarki yana shiga, domin Yahudawa da wasu Kiristoci suna cewa “desecrate the Sabbath”, keta alfarmar Asabar. Duk abin da ke cikin jerin nan, in ka lura, ba ya iya kare kansa, kuma akwai wata jama'a da ke girmama shi. Mutum mai rai ba ya shiga. Ba a cewa an yi desecrate ɗin limami ko sarki. Idan an ci mutuncinsa, insult ne ko humiliate ko dishonour. Gawarsa kuwa tana shiga, kabarinsa ma haka.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu ta fito. Zagi magana ce, desecrate kuma aiki ce da ake yi wa abu. Ɓatanci ga Allah ko ga Annabi a Turanci blasphemy ne, aikatau ɗinta blaspheme, wadda ta samo asali daga Girkanci da ma'anar faɗin mummunar magana. Ita tana karɓar against: “he blasphemed against the Prophet”. A labarai an fi rubuta “he was accused of insulting the Prophet” ko “accused of blasphemy”. Mutumin da ya yayyaga mus'hafi ya tattake shi ya yi desecration. Wanda ya rubuta zagi a Facebook ya yi blasphemy. Wanda ya haɗa biyun, kowane aiki da sunansa. Akwai togiya ɗaya da za ka gani a rubutun Yahudawa na Turanci, “desecration of God's name”, amma ka lura sunan ne karɓau, ba Allah kansa ba. Haka kuma “desecrate his memory”, wato ɓata sunan mamaci bayan ransa, wannan karɓaɓɓen salo ne.

Akwai wani ɓangare da ƙamus ba ya faɗa, kuma shi ne ya fi shafar mai fassarar labarai. Kalmar tana ɗauke da hukunci. Duk wanda ya ce an yi desecrate ɗin abu, ya riga ya amince cewa abin mai alfarma ne, kuma an wulaƙanta shi. Ƙonawa ita ce misalin da ya fi nuna haka. A 1984 wani mai zanga-zanga, Gregory Lee Johnson, ya ƙona tutar Amurka a birnin Dallas lokacin babban taron jam'iyyar Republican. Aka gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar jihar Texas mai hana “desecration of a venerated object”, aka yanke masa ɗaurin shekara 1 da tarar dala 2,000. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ƙona tutar bayyana ra'ayi ne da tsarin mulki ya kare. Amma a ƙasar dai, ƙa'idar kula da tuta ta ce idan tuta ta tsufa ta yage, a kawar da ita cikin mutunci, kuma an fi so a ƙona ta. Kalmar da ƙa'idar ta yi amfani da ita destroyed ce. Wuta ɗaya, tuta ɗaya, a wuri ɗaya laifin desecration, a ɗayan girmamawa.

Mu ma mun san wannan a gida. Idan ganyayen mus'hafi suka tsufa suka kakkarye, akan tattara su a ƙona a wuri mai tsafta ko a binne, don kada a tattaka su. Halifa Usman bin Affan da kansa ya ba da umarnin a ƙona sauran rubuce-rubucen bayan an tattara mus'hafi guda. Almajiri yana wanke allonsa, amma ba ya zubar da ruwan a inda ƙafa ke bi. Mai fassarar da ya ga an ƙona tsofaffin ganyaye ya rubuta desecrated ya ɗora wa bayin Allah laifin da ba su yi ba, kuma a ƙasarmu irin wannan kuskure yana iya jawo asarar rai. A nan burned ko “respectfully disposed of” za a rubuta. Amma wanda ya ƙona mus'hafi a gaban babban masallacin Stockholm ranar 28 ga Yuni 2023, ranar babbar Sallah, a bainar jama'a don ya muzanta, wannan desecration ce, kuma haka gwamnatocin ƙasashen Musulmi suka kira ta. Wasu kafafen labarai na Turai sun tsaya a kan “Quran burning”, suna faɗin aikin ba tare da hukuncin ba. Da Denmark ta yi dokar hana irin wannan a Disamba 2023, ta zaɓi lafazin mu'amalar da ba ta dace ba da rubuce-rubuce masu muhimmancin addini, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 2.

Kada a fahimci cewa sai da niyyar wulaƙanci kalmar take aiki. Niyya tana ƙara mata nauyi, amma rashin kula ma ya isa, in dai ɗan Adam ne ya yi aikin. A Mayu 2020 kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan a yammacin Ostireliya da nakiya don faɗaɗa haƙar tama. Kogunan na da alamun zaman mutane na kimanin shekara 46,000, kuma masu tsarki ne ga 'yan asalin yankin. Kamfanin yana da izinin hukuma, kuma tama yake nema, ba cin zarafin kowa ba. Duk da haka mai rubutu yana da zaɓi biyu: “destroyed the caves” ta faɗi abin da ya faru, “desecrated a sacred site” ta tsaya a gefen masu wurin. Dukansu Turanci ne mai kyau. A ganina, a labarin da ake so ya zama ba ɗaukar ɓangare, a faɗi aikin ƙarara, an ƙona, an tone, an fesa fenti, sannan a jingina desecration ga wanda ya faɗe ta. A sharhi ko huɗuba kuwa, inda ra'ayinka ake nema, yi amfani da ita kai tsaye.

Sauran 'yan uwanta ba sai an daɗe a kansu ba, sai guda ɗaya. Profane ta fi kowacce kusa da ita. Daga Latin take, pro da fanum, wato abin da ke wajen haikali. Tana nufin a mayar da abu mai tsarki kamar kowane abu, kuma ta fi zama a littattafan addini. Sacrilege suna ce, ba ta da aikatau da ake amfani da shi, sai a ce “commit sacrilege”. Asalinta satar kayan wurin ibada ne. Sifarta sacrilegious ta kayar da ɗalibai da yawa, don suna zaton religious ce a ciki. Vandalise ɓarna ce ga kowace dukiya, mai tsarki ko maras tsarki, kamar masu fasa bututun mai ko masu sace wayar lantarki; sunan daga ƙabilar Vandal ne, waɗanda suka wawashe birnin Rum a shekara ta 455. Deface ɓata fuskar abu ne da rubutu ko karce. Violate faɗi gare ta, tana shiga doka da alkawari da haƙƙi, kuma “violate the sanctity of Ramadan” ta fi daɗin kunne fiye da a sa desecrate a wurin.

Wadda ya kamata a tsaya a kanta ita ce defile. A ƙamus ƙazantarwa ce, kuma a kundin dokoki ana haɗa ta da wuraren ibada. Dokar Penal Code ta arewacin Najeriya, wadda ta gaji salonta daga ta Sudan da ta Indiya, da ita take maganar ƙazantar da wurin ibada. Sashe na 295-B na dokar laifuka ta Pakistan ya jera uku tare, “defiles, damages or desecrates”, a kan mus'hafi, da hukuncin ɗaurin rai da rai. Lauyoyi suna jera su haka ne don kada mai laifi ya samu ƙofar fita: ƙazantarwa daban, lahantawa daban, keta alfarma daban. Amma a jaridun Najeriya da Ghana, idan aka ce defile kuma karɓau mutum ne, fyaɗe ga ƙaramar yarinya ake nufi. Saboda haka kada ka ɗauki defile ka musanya ta da desecrate ido rufe don ƙamus ya ce ma'anarsu ɗaya.

Sai tarkon deconsecrate, mai kama da desecrate kamar an tsaga kara. Ita ba laifi ba ce. Idan masu ibada suka yi ƙaranci a wata majami'a a Turai, hukumar cocin takan cire mata matsayin wurin ibada bisa ƙa'ida kafin a sayar da ginin ya zama ɗakin karatu ko gidajen haya. Wannan deconsecrate ce, masu wurin ne suka yi da yardarsu. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi masu aiki da Faransanci su lura: desecrate ita ce profaner, desecration kuma profanation. Désacraliser ta fi kusa da deconsecrate, duk da kamar da take yi da desecrate. A Larabci tadnis ko intihakul hurma ake cewa.

A jarrabawar WAEC ko JAMB, idan aka nemi kishiyarta, nemi consecrate, sanctify, hallow, venerate ko revere. Idan mafi kusa da ma'ana aka nema, profane ko defile sun fi destroy da damage, ko da an sa su duka a zaɓi.

Wajen mayar da ita Hausa, babu kalma ɗaya da za ta wadatar ko'ina, karɓau ne yake zaɓa. Ga masallaci, majami'a, maƙabarta ko hubbare, "keta alfarma" ita ce ta farko, "keta hurumi" ma tana zama. Ga mus'hafi da tuta, kunnen Bahaushe ya fi sabawa da "wulaƙanta" ko "tozarta". Ga gawa, "wulaƙanta gawa". Idan najasa ce aka zuba, "ƙazantar da" ta fi fito da hoton. Kada a sa "ɓatanci", an riga an bar wa blasphemy ita, haɗa su yana rikita mai sauraro game da abin da ake zargin mutum da shi. Idan kuma cikin labarin ya faɗi ainihin aikin, a haɗa biyun: "sun keta alfarmar maƙabartar, inda suka tone kaburbura 3 suka fasa allunan wasu". Idan daga Hausa kake komawa Turanci, yi wa jimlar tambaya uku kafin ka sa desecrate. Abin da aka taɓa, akwai jama'ar da ke ganinsa da tsarki? Aiki aka yi masa, ko magana aka yi a kansa? Mutum ne ya yi, ba ruwa ko iska ko gobara ba? Idan ɗaya ta faɗi, nemi wata kalma.

Turancin Najeriya ya faɗaɗa mata fili sosai. Lauyoyi suna kiran kotu “temple of justice”, 'yan majalisa suna kiran zaurensu “hallowed chamber”, to da zarar an ba wuri sunan haikali, desecrate ta samu wurin zama. Lokacin da wasu 'yan daba suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja ranar 18 ga Afrilu 2018 suka fice da sandar majalisa, irin wannan lafazi ne ya cika bakin masu sharhi. Haka ake jin “desecrate the throne” a rigingimun sarauta. Nahawu bai hana ba, aron ma'ana ne, kuma Turawan Ingila ma suna cewa sabon titi ya yi desecrate ɗin kyakkyawan karkara. Sai dai kalma ce mai nauyi, ta takardar hukuma da mumbari, ba ta hirar shayi ba, kuma idan aka yi ta ɗora ta a kan kowane ƙaramin saɓani tana yin laushi. A hira, in ka ji wani ya ce wanda ya zuba madara a kan dafa-duka “has desecrated the jollof”, wasa yake yi, kuma dariyar tana fitowa ne daga girman kalmar a kan ƙanƙantar laifin. In za ka fassara irin wannan, "ya ci mutuncin shinkafar nan" ta fi "ya keta alfarmarta" ba da dariya.